Ƙwai Rututu, 'Ya'ya Babu: Yadda Aka Gano Illar Dayatom Ga Kofifod

Asalin lamarin

A wata tashar binciken halittun teku da ke kudancin Italiya, a gaɓar Bahar Rum, akwai wata 'yar ƙungiyar masana da aikinta shi ne lura da hayayyafar kofifod, wata 'yar mitsitsiyar dabbar teku. A farkon shekarun 1990 suka ci karo da abin da ya saɓa wa karatun da kowa ya yi. Dabbobin da suke kiwo a ɗakin gwaji suna cin abincin da aka ce ya fi kowanne dacewa da su, suna cikin ƙoshin lafiya, suna zuba ƙwai rututu, amma ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Wannan nazari ya bi diddigin matsalar daga farkonta zuwa inda ta tsaya bayan kusan shekara ashirin.

Kofifod dangin jatan lande ne da ƙaguwa, sai dai yawancin masu yawo a saman teku tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan aka ɗebo ruwan teku a kwalba aka ɗaga a haske, za a gan su kamar 'yan ɗigo masu zabura. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa, jikin garai-garai yake har ana hango abin da ke cikin hanji, ga ido ɗaya a tsakiyar kai, ga dogayen ƙahonni biyu a miƙe dama da hagu. Abin da dabbar kiwo take wa ciyawa a tudu, shi kofifod yake wa gansakukar teku. Shi kuma 'ya'yan kifi ne ke cinsa, musamman a kwanakinsu na farko, lokacin da bakinsu bai isa kama wani abu mafi girma ba. A jinsunan da wannan nazari ya shafa, mace takan saki ƙwanta cikin ruwa ta yi gaba. Bayan kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon ɗumin ruwan, jariri ya fito, kuma sai ya yi saɓa sau 11 kafin ya balaga.

Dayatom gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya tal, tana zaune cikin ƙoƙon gilashi mai ɓari biyu, ɗaya ya kife ɗaya kamar akwati da murfinsa. Ƙanƙantarta kada ta ruɗi mutum: kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk abincin da tsirrai ke haɗawa da hasken rana a duniya aikin dayatom ne. A tekunan da ake sanyi, idan hunturu ya zo ƙarshe rana ta fara ƙarfi, takan yi wata irin bunƙasa har ruwa ya canza launi. Tun farkon ƙarni na 20 littattafan ilimin teku suke koyar da jeri guda: dayatom ta bunƙasa, kofifod ya ci ya hayayyafa, kifi ya samu. Hanyar da ake auna wannan hayayyafa ita ce ƙirga ƙwai, wato mace ɗaya ƙwai nawa take yi a rana. Kaɗan ne suka damu da tsayawa su ga ƙwai nawa ya zama jariri, domin an ɗauka in dai an yi barbara, ƙwan zai fashe.

An san da gansakuka mai guba tun kafin wannan lokaci. Akwai wani rukuni mai 'yar bulala da yake kaɗawa ya yi iyo, wanda wasu jinsunansa irin su Alexandrium ke ɗauke da gubar da ke shanye jijiyoyi. Gwaje-gwajen shekarun 1980 sun nuna cewa idan aka ba kofifod wasu daga cikin wannan rukuni, yakan ƙi ci, ko ya ci ya amayar, ko iyonsa ya rikice. Guba irin wannan da ido ake ganin aikinta. Kofifod mai cin dayatom ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, shi ya sa ba wanda ya zarge ta.

1993: Alamar farko

Aikin da ya tono matsalar bai buƙaci wata na'ura ta musamman ba. Ana fita da jirgi a ja raga mai ƙananan idanu, a dawo da abin da aka kama cikin ruwansa. Sai a zauna gaban madubi da ɗan bututun gilashi mai faɗin baki a tsinto matan da suka balaga ɗaya bayan ɗaya. Kowace a saka ta cikin ɗan kwanon gilashi da tataccen ruwan teku da abincin da ake son gwadawa, a haɗa ta da namiji idan jinsin mai buƙatar maimaita barbara ne. Kashegari a ɗauke ta a mayar da ita sabon kwano, a ƙirga ƙwan da ta bari. Abin da waɗannan masana suka ƙara a kan haka shi ne, ba su zubar da tsohon kwanon ba. Sukan ajiye shi kwana biyu ko uku, sannan su dawo su ƙirga jariran da ke wutsil-wutsil, su kuma ƙirga ƙwan da ya kwanta a gindin kwano bai motsa ba.

Jinsin da suka fara da shi shi ne Temora stylifera, wanda ya yawaita a ruwan yankin. Kashi ɗaya na matan aka ba shi dayatom mai suna Thalassiosira rotula, ɗaya kashin kuma aka ba shi wata gansakuka mai bulala da ba ta cutar da kofifod, Prorocentrum minimum. Duka biyun sun ci, duka biyun sun yi ƙwai sosai. Da a nan aka tsaya kamar yadda aka saba, da an rubuta cewa abincin biyu kunnen jaki ne. Da aka koma kan tsofaffin kwanonin, sai aka tarar ƙwan masu cin gansakuka mai bulala yawanci ya fashe, na masu cin dayatom kuwa kaso mai yawa yana nan kwance. An buga sakamakon a 1993.

Bayanin da ya fi kusa da hankali a lokacin shi ne ƙarancin gina jiki. Wataƙila dayatom tana da abin da zai sa uwa ta yi ƙwai, amma ta rasa wani sinadari da ɗan tayi yake buƙata kafin ya ginu.

1994 zuwa 1995: Daga zargin yunwa zuwa zargin guba

Masanan suka haɗa gwiwa da wata tasha a arewa maso yammacin Faransa, inda ake da Calanus helgolandicus, kofifod mai ɗan girma da ya kai kusan milimita 3. Suka shirya gwajin da suke ganin zai raba gardama. Aka ɗauki lafiyayyen ƙwai daga uwar da ta ci abinci mai kyau, aka tsoma shi cikin ruwan da aka niƙa dayatom a ciki. Hujjar ita ce, wannan ƙwai ya riga ya samu guzurinsa daga uwarsa. Idan matsalar rashin wani sinadari ce, ba abin da zai same shi. Ƙwan ya tsaya cak. Wanda aka tsoma cikin ruwan niƙaƙƙiyar gansakuka mai bulala kuwa ya ci gaba da girma ya fashe.

Da aka rina ƙwan aka duba cikinsa, sai aka ga inda aikin ya lalace. Lafiyayyen ƙwai yakan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kowace ƙwaya da cibiyarta da shingen da ya raba ta da 'yar'uwarta. A wanda ya lalace, rabuwar takan tsaya, ko kuma cibiyoyin su warwatsu ba tare da shinge ya ginu tsakaninsu ba. Wasu ƙwayayen da iyaye masu cin dayatom suka yi sukan daure su fashe, amma abin da ke fitowa ba daɗin gani. Jariri lafiyayye yana da ƙafafu shida, uku a kowane gefe, masu gashi a jere, da su yake iyo. Waɗannan kuwa jiki a karkace, wata ƙafar gajera, wata a lanƙwashe, gashin ya zube ko bai fito ba. Sukan kwanta a gindin kwano suna ɗan karkarwa har su mutu.

An kuma lura da yadda abin yake tafiya da lokaci. Macen da aka fara ba dayatom, ƙwanta na ranakun farko lafiya yake fashewa. Sai bayan kwanaki adadin yake fara sauka, kuma in dayatom ta fi yawa a ruwan, saukar ta fi sauri. Idan aka canza mata abinci, cikin 'yan kwanaki ƙwan yakan dawo daidai. Ita uwar ba abin da ya nuna a jikinta tun daga farko har ƙarshe. A 1996 wani gwaji a Japan, da wani jinsin kofifod daban da wata dayatom daban, ya ba da irin wannan sakamako har da nakasassun jarirai.

1996 zuwa 1998: Sukar da ta rushe gwajin niƙa

Wasu masana, musamman a Denmak, ba su gamsu ba, kuma sukarsu tana da tushe. Sun ce yawan dayatom da aka niƙa a ruwan gwajin ya ninka abin da ƙwai zai taɓa haɗuwa da shi a teku nesa ba kusa ba. Ruwa mai kauri irin wannan abinci ne ga bakteriya, su kuma in suka yawaita sai su shanye iskar oksijin. Ke nan ƙwan na iya mutuwa don shaƙewa, ba tare da wata guba ba. Sun kuma nuna cewa ƙyanƙyashewar ƙwai tana da alaƙa da wasu nau'o'in mai da ke cikin abincin uwa, kuma dayatom ba ta wadata da dukkansu ba. Ƙari a kan haka, a teku ba kofifod ɗin da ke rayuwa a kan abinci iri ɗaya tsawon mako biyu. Wanda aka kulle a kwano da jinsi guda, ko wane jinsi ne, ana iya sa ran ya samu tawaya.

Gwajin niƙa bai farfaɗo daga wannan suka ba. Ya nuna hanya, amma ya kasa zama hujja.

Matakin da aka ɗauka na gaba shi ne faɗaɗa gwajin ciyarwa. Ɗakunan gwaji 15 a ƙasashe 12 suka yi aiki iri ɗaya, kowa da kofifod ɗin ruwansa. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna cewa cikin jinsunan dayatom 17 da aka gwada, duk in ban da ɗaya sun rage yawan ƙwai, ko sun rage ƙyanƙyashewa, ko sun yi duka biyun, idan aka kwatanta da abincin da ba dayatom ba. Wannan ya tabbatar da cewa abin da aka gani a tashar ba tsautsayin ɗaki ɗaya ba ne. Sai dai bai amsa tambayar masu suka ba, domin yunwa da guba duka za su iya haifar da wannan sakamako. Abu biyu suka rage: a ga matsalar a cikin teku kanta, a kuma riƙe sinadarin a hannu.

1997 zuwa 1999: Tekun Adiriyatik

Arewacin Tekun Adiriyatik ba shi da zurfi, kuma Kogin Po yana kwararo masa da takin da ya wanko daga gonakin arewacin Italiya. Saboda haka kusan kowane ƙarshen hunturu dayatom takan cika ruwan. Can masanan suka nufa da jirgi a watan Fabrairun 1997, ana tsakiyar bunƙasa, suka kama mata suka bar su su yi ƙwai daga abin da suka riga suka ci a teku. Ƙwan da ya ƙyanƙyashe kashi 12 ne kacal cikin ɗari. Da aka koma a watan Yuni, bunƙasar ta wuce, abincin ruwan ya zama gauraye, sai aka samu kashi 90 cikin ɗari.

A gefe guda, masana sinadarai suna ta rarraba abin da aka tatso daga Thalassiosira rotula, suna gwada kowane kaso su ga wanne ne ke da aikin. Suka ware sinadarai uku 'yan gida ɗaya, daga rukunin da ake kira aldihaid, kowanne da jerin kabon guda 10. Tsantsar sinadaran ta tsayar da ƙwan kofifod da na bushiyar teku, ta kuma hana ƙwayoyin cutar daji na ɗan'adam da aka raina a kwano ci gaba da rabuwa. Ke nan aikinsu shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa uwa ke tsira: ta gama girma, jikinta ba ya cikin gaggawar rabuwa, ɗan tayi kuwa duk rayuwarsa rabuwa ce. Mujallar Nature ta buga binciken a watan Nuwambar 1999.

2000 zuwa 2002: Amsa ɗaya, cikas ɗaya

Akwai tambayar da ta rage: ta yaya ƙwaya ɗaya tal take ɗauke da gubar da ke hana rabuwa, alhali ita ma da rabuwa take hayayyafa? Wani masanin sinadarai a Jamus, Georg Pohnert, ya amsa a 2000. Dayatom mai rai, wadda ƙoƙonta bai fashe ba, ba ta ɗauke da aldihaid. Abin da take da shi mai ne a jikin fatunta na ciki, da wasu sinadarai masu yanka da ke zaune shiru. Da zarar haƙoran kofifod sun fasa ƙoƙon, sai sinadari na farko ya kwance man daga inda yake, na biyu ya haɗa shi da oksijin ya datse shi, cikin daƙiƙoƙi aldihaid ya samu. A bakin mai ci da hanjinsa ake haɗa gubar, kusa da inda ƙwai yake ginuwa a jikin mace. Wannan ya rage ƙarfin sukar da ke cewa ruwan teku ba ya taɓa ɗaukar sinadarin da yawa. Ba ta ruwa yake isa ga ƙwan ba, ta cikin uwa yake bi.

A 2001 aka gwada haɗa wa Temora stylifera abincin biyu, dayatom da gansakuka mai bulala. Gaurayen ya sassauta illar amma bai kawar da ita ba, wanda da rashin wani sinadari ne kawai, da abinci na biyu ya cike giɓin. A 2002 kuma aka samu gwaji mai tsafta: iri biyu na jinsin Thalassiosira rotula, kamanninsu ɗaya, amma ɗaya yana haɗa waɗannan aldihaid, ɗayan ba ya haɗawa. Mai haɗawar ne ya rage ƙyanƙyashewa.

A wannan shekarar ce babban cikas ya zo. Wani masanin teku, Xabier Irigoien, da abokan aikinsa da dama suka tattara awon da aka yi a yankunan teku 12 a sassa daban-daban na duniya, wuraren da dayatom ke yawaita. Ba su ga cewa yawan dayatom yana tafiya da raguwar ƙyanƙyashewa ba. A mafi yawan wuraren ƙwai yana fashewa lafiya ko da ana tsakiyar bunƙasa. Shi ma wannan bincike Nature ce ta buga shi. Cikin shekara uku mujalla ɗaya ta ɗauki sakamako biyu masu karo da juna, kuma kowanne an yi shi da kulawa.

2004: An bi jariran har gaba

Masanan tashar suka lura da wani giɓi da ya shafi aikinsu da na masu sukarsu baki ɗaya. Da can ana tsayawa a ƙirga ƙwai. Yanzu an matsa zuwa ƙirga wanda ya fashe, an sake tsayawa a nan. Amma jaririn da ya fito daga ƙwai bai tsira ba tukuna, yana da saɓa 11 a gabansa. Suka yanke shawarar rainon jariran su ga nawa za su kai.

Suka yi amfani da Calanus helgolandicus da dayatom ɗin da ke mamaye bunƙasar Adiriyatik, wadda a lokacin ake kira Skeletonema costatum. Inda uwa da 'ya'ya duka suka ci gansakuka mai bulala, 'ya'yan sun girma. Inda uwa da 'ya'ya duka suka ci dayatom, girman jariran ya tsaya, ba ko ɗaya da ya kai. Rukuni na uku shi ya fi ba da haske: uwa ta ci dayatom, amma da 'ya'yan suka fito aka mayar da su kan abinci mai kyau. Duk da haka mutuwar ta ci gaba da yawa. Lahanin tun a cikin ƙwai ya same su, abincin da suka samu daga baya bai iya gyara shi ba. Rinin da ke nuna ƙwayoyin halitta masu mutuwa ya haska a ƙafafun jariran, a daidai wuraren da nakasar take.

Sannan suka yi abin da ya kamata ya amsa wa masu cewa yunwa ce. Suka bar uwa a kan abinci mai kyau, suka ƙara masa tsantsar aldihaid. Nakasar ta bayyana. A nan ba abin da aka rage daga abincin, ƙari aka yi.

Wannan ya nuna yadda awon ƙyanƙyashewa kaɗai zai iya cewa komai lafiya, alhali 'ya'yan suna mutuwa bayan an rufe littafin ƙirga.

2005 zuwa 2012: Zargin ya ƙuntata

Shekarun da suka biyo baya sun rage wa iƙirarin faɗi. A 2005 aka bincika jinsunan dayatom 51, aka samu kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai na jinsunan teku ke haɗa waɗannan aldihaid. A shekarar kuma masana rarrabe jinsuna suka gano cewa sunan Skeletonema costatum ya daɗe yana rufe jinsuna da dama masu kama da juna. Ta Adiriyatik aka raɗa mata sabon suna, Skeletonema marinoi. Ashe wasu ɗakunan gwajin da suka yi ta samun sakamako mabambanta suna iya yiwuwa halittu daban-daban suke gwadawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Aikin da aka yi a wani lungun teku a jihar Washington ta Amurka ya dace da wannan. Can ma an ga raguwar ƙyanƙyashewa, amma a wasu makonni kawai, lokacin da wasu jinsunan Thalassiosira suka mamaye ruwan. An kuma nuna a 2007 cewa dayatom guda ɗin ma ba kullum gubarta take daidai ba. Idan ta tsufa, ko takin ruwan ya ƙare mata, aldihaid ɗin da take haɗawa yakan ƙaru.

Har ila yau a 2007, abu biyu suka fito da suka taɓa zuciyar gardamar. Na farko, an samu wasu jinsunan dayatom na rukunin Chaetoceros da ba sa haɗa aldihaid amma suna lalata ƙwai, ta hanyar wasu sinadarai 'yan'uwansa da ke fitowa daga wannan yankan mai ɗin. Ke nan aldihaid ɗaya ne daga cikin dangi, shi aka fara kamawa kawai. Na biyu, an nuna cewa man da dayatom take ƙonawa ta haɗa gubar shi ne dai man da kofifod yake buƙata ya gina ƙwai. Kafin loma ta gama sauka, wani kaso na amfaninta ya riga ya koma guba. Masu cewa yunwa ce da masu cewa guba ce, ashe gefe biyu na aiki ɗaya suke kallo.

Sai aka juya ga kofifod ɗin kansa, a ga me jikinsa yake yi idan ya ci. Yana da ƙwayoyin gado masu sarrafa sinadaran da ke warware guba, ciki har da waɗanda aikinsu ke nan su karya aldihaid. A binciken da aka buga a 2012, an ɗauko Calanus helgolandicus daga wuri uku: gaɓar yammacin Suwidin, da mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, da arewacin Adiriyatik. Aka ba su dayatom iri ɗaya, aka auna aikin ƙwayoyin gadonsu cikin kwana biyun farko. Martanin ya bambanta. Na wurare biyun farko sun fi iya tayar da kariyarsu. Na Adiriyatik su suka fi rauni, har an ga aikin wasu ƙwayoyin gadon kariyar yana yin ƙasa maimakon sama, tare da na masu gina zaren da ƙwayar halitta take amfani da shi wajen rabuwa. Jinsi ɗaya ne, amma inda aka kamo shi yana canza sakamako.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Abin da ya fi komai amfani a wannan tafiya shi ne tsawaita awo. Sau biyu aka yi haka, a 1993 daga ƙwai zuwa jariri, a 2004 daga jariri zuwa girmansa, kuma kowane karo an ga ɓarnar da awon baya ya rufe. Dalili kuwa illar ba ta bayyana a jikin mai ci, a kan na bayansa take sauka, don haka duk awon da ya tsaya a kan uwa zai ba da shaidar ƙarya. Gwaje-gwajen da suka canza abu ɗaya tak suka bar sauran, kamar iri biyu na jinsi guda, ko abinci mai kyau da aka ƙara wa tsantsar sinadari, su suka tsaya da ƙafarsu. Gwajin niƙa ya faɗi ne domin ya canza abubuwa da yawa lokaci guda.

Kuskuren da na ga ya fi jawo ɓata lokaci shi ne amfani da kalmar dayatom kamar sunan halitta ɗaya. Ɓangarorin biyu duka sun faɗa cikinsa. Masu zargi sun gwada 'yan jinsuna suka yi magana a kan dukan rukunin. Masu kare ta sun auna jimillar dayatom a ruwa, masu guba da marasa guba a haɗe, ba su ga alaƙa ba, kuma da wuya a gan ta ta wannan hanya. Masu suka sun cancanci yabo a nan, domin tirjiyarsu ce ta tilasta aka nemo sinadarin aka kuma gyara gwaje-gwajen. Abin da ya tabbata a ƙarshe ya fi abin da aka fara da shi ƙanƙanta, amma ya fi shi ƙarfi: wasu jinsunan dayatom, a wasu lokutan rayuwarsu, idan suka mamaye ruwa har kofifod ya rasa abin da zai gauraya da su, suna lalata ƙwansa da jariransa, kuma girman ɓarnar ya danganta da irin kofifod ɗin. Arewacin Adiriyatik a ƙarshen hunturu wuri ne da duk waɗannan sharuɗɗa suke haɗuwa.

Inda nake ganin hujjar masanan tashar ta fi rauni shi ne cewa dayatom tana haɗa sinadarin ne don kare kanta daga kofifod. Ƙwayar da aka tauna ta riga ta mutu. Uwar da ta ci ta kuma za ta ci gaba da cin 'yan'uwanta. Ribar raguwar jarirai sai bayan makonni take zuwa, kuma duk gansakukar da ke ruwan za ta amfana, har da kishiyoyin dayatom ɗin. Wani lissafi da wani masani, Kevin Flynn, da Irigoien suka buga a 2009 ya kai ga cewa wannan ba zai zama kariya mai amfani ba. Akwai kuma binciken 2006 da ya nuna cewa aldihaid kaɗan yana aiki kamar saƙo tsakanin ƙwayoyin dayatom kansu, yana shirya maƙwabta su jure wahala, mai yawa kuma yana kashe su. Idan wannan ne ainihin aikinsa, to jariran kofifod tsautsayi ne ya rutsa da su. Wannan bai rage komai daga ɓarnar da aka auna ba, ya dai canza yadda za a fassara ta.

A aikace, binciken hayayyafar kofifod yanzu yakan haɗa da ƙyanƙyashewa da lafiyar jarirai, kuma mai gwaji yakan faɗi ainihin irin gansakukar da ya yi amfani da shi, ba sunan jinsi kaɗai ba. Masu kiwon kofifod don ciyar da 'ya'yan kifi a wuraren ƙyanƙyasa kuwa sun fi dogara da gansakuka irin su Rhodomonas da Isochrysis, waɗanda ba dayatom ba ne, ko su haɗa abinci iri biyu ko uku a tanki ɗaya.